Tukwanen Bakin Kwara: Sana'ar da Ke Jiran Mai Saye a Bagudo

A gaɓar Kogin Neja, wanda Hausawa suka fi sani da Kwara, akwai wani gari a arewacin Jamhuriyar Benin mai suna Birnin Lafiya. Kusa da garin akwai tsohon kufai, tudu guda na ƙasa da tsingaro. Tsakanin 2011 da 2015 wani ayarin masu binciken kayan tarihi ya yi tono a wurin, ƙarƙashin jagorancin Anne Haour ta Jami'ar East Anglia da ke Ingila, tare da malaman Jami'ar Abomey-Calavi ta Benin. Cikin abubuwan da aka gano, daɓen ɗakuna ne ya fi ɗaukar hankali. Mazauna wurin, waɗanda suka rayu daga wajajen ƙarni na 4 zuwa na 13, sukan tara fasassun tukwane su jera gutsattsarin a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, su mayar da su daɓe. Garin da tsingaronsa ya isa a daɓe ɗakuna da shi, lalle maginan tukwanensa ba su zauna da hannu biyu ba.

Wanda ya bi ruwa ya gangara daga nan, ya wuce Malanville, ya shigo Najeriya ta wajen Lolo, to ya taka ƙasar Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. In ya ci gaba da gangarawa har Yelwan Yawuri, labarin bai sauya ba. A lokacin da ake rige-rigen ceto kayan tarihi kafin ruwan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ya shanye gaɓar kogin, an tono tukwane da mutum-mutumin gasasshen yumɓu da shekarunsu suka haura dubu. Can sama kuma, a yammacin Jamhuriyar Nijar, ga manyan tulunan Bura da Boubé Gado ya tono a 1983. Bagudo tana tsakiyar wannan dogon zirin yumɓu, daidai yankin da Gulbin Sakkwato ke zuba ruwansa cikin Kwara, inda fadama ke tara laka mai danƙo kowace damina.

Duk da wannan gado, idan aka tashi zancen arzikin Bagudo, shinkafa ake ambata, sai kifi, sai shanu, sai hada-hadar kan iyaka. Ginin tukwane kuwa sai ranar bikin al'adu ake tunawa da shi, a jera tulu biyu a rumfa, manyan baƙi su ɗauki hoto su wuce. Nan ne kuskuren yake. Wannan sana'a ta rasa tsohuwar kasuwarta, gaskiya ne, amma akwai sabuwa a gabanta, kuma abin da ya hana ta isa can ƙanana ne ƙwarai idan aka gwada su da abin da gwamnati ke kashewa a wasu fannoni.

Sai an ga yadda ake aikin kafin a san darajarsa. A mafi yawan garuruwan kwarin Kwara sana'ar ta mata ce, uwa ta koya wa 'ya, ko da yake a birane irin su Kano da Sakkwato akwai mazan da suka gaje ta. Tun a 1929 da 1931 wani Bature, W. E. Nicholson, ya wallafa bayanin maginan Sakkwato a mujallar Man, inda ya nuna yadda Adarawa da Zoramawa da Rumbukawa kowa ke da salon gininsa a gari ɗaya. Aikin rani ne. Bayan an kawar da amfanin gona ruwa ya ja baya, magina kan haƙo yumɓu a bakin fadama, su shanya, su farfasa, su jiƙa, su tsince tsakuwa. Yumɓu zalla yakan tsage a wuta, don haka ake haɗa shi da dakakken tsingaro, wasu su ƙara ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki. Sai a kwaɓa da ƙafa har ya yi laushi. Wata maginiyar takan kifa tsohuwar tukunya ta shimfiɗa yumɓu a bayanta ta fitar da gindi, wata kuma ta ɗora curi a ɗan rami tana bugawa tana juyawa har ciki ya buɗe. Daga nan a ɗora wuya da baki da murɗaɗɗen yumɓu, a shafe, a yi zane da guntun igiya ko totuwar masara, a goge da santsin dutse. In kaya sun bushe sai a tara su a fili, a lulluɓe da kara da ciyawa da itace da kashin shanu, a cinna wuta. Babu inji, babu lantarki, babu ko kwabo na kayan waje.

Abin da ke fitowa daga wannan toka shi ne kusan duk kayan gidan mutanen da: randa da tulu, tukunyar tuwo da ta miya, kwatarniya, madambaci, tanda, shantali, kaskon wuta, kaskon turare, asusun yara, har da indararo.

Ba a ɓoye yake ba yadda kasuwar ta kuɓuce. Kwanukan tasa da fanteka da samira ne suka fara mamaye jeren amarya. Tukunyar alminiyam ta karɓe murhu, domin ba ta fashewa kuma tana saurin ɗaukar zafi. Jarka ta kori tulu daga hanyar rijiya, tunda ana iya ɗaure guda huɗu a babur ko goma a kura. Ledar fiya wata ta shiga tsakanin baƙo da moɗa. Matar da ta zaɓi roba ba ta yi laifi ba. Tulu yana da nauyi tun kafin a zuba masa ruwa, kuma tuntuɓe ɗaya ya isa ya jawo asarar tulu da ruwa baki ɗaya. Duk wanda ke son farfaɗo da ginin tukwane ta hanyar yi wa mata wa'azin komawa al'ada, ɓata yawun bakinsa kawai yake yi. Abin da roba ta fi iyawa, ta riga ta cinye shi.

Akwai dai wuraren da har yau babu abin da ya kamo ƙafar yumɓu, kuma can ya kamata a mai da hankali.

Na farko shi ne sanyi. Jikin randa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, shi kuma yana tafiya da zafin da ke ciki. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ruwan jarka kan koma kamar an ɗora shi a wuta, na randa kuwa yana nan da sanyinsa. Wannan dabarar ce Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse kuma jikan maginan tukwane, ya ɗauka ya yi firjin talaka da ita: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Tumatir da tattasai da kan lalace cikin 'yan kwanaki sukan kai makonni uku a ciki. Ya sa magina sun yi dubban irin waɗannan tukwane ya raba a ƙauyuka, kuma a shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex mai ɗauke da dala 75,000. A ƙauyukan Illo da Ka'oje da Zagga, inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma ake noman rani, bukatar da ta haifar da wannan ƙirƙira tana nan daram.

Na biyu shi ne tace ruwa. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Guatemala, Fernando Mazariegos, ya ƙera matatar ruwa ta yumɓu. Ana kwaɓa yumɓu da garin katako ko ɓuntun shinkafa, a gasa. Ɓuntun ya ƙone ya bar ƙananan kafofi da ruwa ke bi a hankali, datti da mafi yawan ƙwayoyin cuta su maƙale, sannan a shafa ruwan azurfa don ƙara kashe su. Ana yin irinta a ƙasashe da dama, har da Tamale a arewacin Ghana. Kebbi kuwa ita ce jihar da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015, kuma tana da manyan injinan casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, ban da ƙananan da ke kusan kowane gari. Ɓuntu yana nan tsibi-tsibi, sau da yawa ƙona shi ake yi don a rabu da shi. Ga yumɓu, ga ɓuntu, ga masu hannun gini, ga kuma al'ummomin bakin kogi da ambaliya irin ta 2020 ke gurɓata musu rijiyoyi. Mai haɗa huɗun nan wuri ɗaya ne ya yi ƙaranci.

Na uku, wanda ya fi kusa da kuɗi a hannu, shi ne teburin cin abinci. A Ghana, gidajen abinci na zuba fufu da miya a kaskon yumɓu da ake kira asanka, kuma babu wanda ke ganin hakan ƙauyanci ne. A Maroko, tajin, kasko mai murfi kamar malfa, ya zama tambarin girkin ƙasar, masu yawon buɗe ido na saye suna tafiya da shi gida. A Ilori, matan unguwar Dada na sayar da tukwanen miya ga 'yan sari daga garuruwa masu nisa. A Abuja da Legas, gidajen abinci masu tsada na kawo farfesu a tukunyar ƙasa yana tafasa, domin yumɓu na riƙe zafi fiye da tangaran ko ƙarfe. Ko a ƙasar Hausa ba a rasa masu bukata ba. Masu sana'ar masa da yawa na cewa ta tandar ƙasa ta fi daɗi, kuma kasuwar turaren wuta da ta bunƙasa a hannun mata ta Instagram da WhatsApp tana tafe da bukatar kasko mai kyan gani. Kwanon tuwo mai murfi, kaskon miya, ƙaramin tulu na tebur, farantin gasasshen kifi: duk waɗannan ba su fi ƙarfin hannun da ke gina randa mai cin ruwan tulu biyar ba.

Akwai kuma batun lafiya da ba a cika faɗa ba. Wani bincike da aka gudanar a Kamaru aka wallafa a 2014 ya nuna cewa tukwanen alminiyam da ake narkawa daga tarkacen ƙarafa, irin sassan inji da gwangwanaye, suna sakin gubar dalma cikin abinci. Irin waɗannan tukwane ne cike da kasuwannin Afirka ta Yamma. Mutanen Arewa sun san illar wannan guba tun bala'in Zamfara na 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon sarrafa duwatsun zinari. Tukunyar gargajiya da ba a shafa mata ruwan ƙyalli ba ta tsira daga wannan hanyar gubar. Sai dai a nan akwai gargaɗi ga masu son zamanantar da sana'ar: ruwan ƙyalli mai araha, wanda ke narkewa a ƙaramar wuta, sau da yawa da dalma ake haɗa shi. Ƙasar Meziko ta daɗe tana fama da wannan matsala a kwanukanta na gargajiya. Duk shirin horaswar da za a kawo wa magina dole ne ya haramta shi tun ranar farko.

Najeriya ta taɓa gwada ɗaga wannan sana'a, kuma akwai darasi a gwajin. A farkon shekarun 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ƙarƙashin Michael Cardew. A 1954 Ladi Kwali, Bagwariya da Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riga ya san gwanintarta har yana tara tukwanenta, ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar. An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Babu mai musun wannan ɗaukaka. Amma kayan da cibiyar ta riƙa fitarwa masu ƙyalli ne, da ake gasawa a wuta mai tsananin zafi, masu sayensu kuma Turawa ne da manyan ma'aikata. Maginiyar ƙauye ba ta ga canji a aljihunta ba. Haka cibiyar Ushafa da ke kusa da Bwari, wadda shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a watan Agusta na 2000, ta yi suna a jaridu fiye da yadda ta yi tasiri a kasuwa. Cibiya ɗaya mai allon suna da bikin buɗewa takan fitar da gwani ɗaya ko biyu. Abin da ke riƙe ɗaruruwan magina shi ne mai saye da ke dawowa kowane mako.

Indiya ma ta gwada wata hanyar. A 2004 ministan jiragen ƙasa Lalu Prasad Yadav ya ba da umarnin a riƙa sayar da shayi a tashoshi cikin kofin yumɓu da suke kira kulhad, don a samar wa magina aiki. Tsarin bai ɗore yadda aka so ba, saboda kofin roba da na takarda sun fi araha da sauƙin ɗauka, har sai da wani ministan, Piyush Goyal, ya sake ɗaga maganar a 2020. Umarni daga sama, in ba a gyara farashi da hanyar kai kaya ba, a takarda yake tsayawa.

A nan ne matsayin Bagudo na garin iyaka ke da amfani. Layin da ya raba Najeriya da Benin a wannan yanki ya samo asali ne daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni, 1898, wadda ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransawa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingilishi. Kafin nan fataken goro da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja sun daɗe suna ratsa wannan yanki. Har gobe Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa da Kyangawa da Busawa suna da dangi a tsallaken juna, daga Tsamiya zuwa Segbana, daga Lolo zuwa Madekali. Malanville, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin, tana nan kusa, ga kuma Gaya a tsallaken gada. Benin ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun Disamba 2017, Jihar Legas ta haramta farar robar zuba abinci a Janairu 2024. Iskar na kaɗawa ne ta wajen kayan da ke komawa ƙasa idan sun gama aiki.

A doka ma hanyar a buɗe take. Tsarin sassauta cinikayya na ECOWAS, wanda aka fara a 1979, ya yafe harajin kwastam a kan kayan aikin hannu na gargajiya, kuma Najeriya da Benin duk suna cikin ƙungiyar. A aikace kuwa labarin daban ne. Rufe iyakokin da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 don hana shigo da shinkafa ya shafi har mai ɗauke da tulu. Ga shingayen bincike, ga ramukan hanya, ga fargabar 'yan bindiga da ta rage wa kasuwannin ƙauye armashi. Buhun shinkafa yana jure a sauke shi a sake lodawa sau uku. Tukunya ba ta jurewa, kuma kowace da ta fashe a hanya, a wuyan maginiya ɗan sari ke ɗora kuɗinta ta hanyar karya farashi.

Masu shakka suna da hujjoji da ya kamata a saurara. Kwanon ƙasa marar ƙyalli yana shan mai, yana kuma da wuyar wankewa. Randa mai faɗin baki da kowa ke tsoma moɗa da hannu tana iya gurɓata ruwa mai tsabta, in kuma ba a rufe ta ba sauro ya yi ƙwai a ciki. Gashin fili yana cin itace da kara, yana kuma jawo asara idan iska ta taso. Amma kowanne a cikinsu yana da magani da bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Gogewa sosai da gashi mai kyau suna rage shan mai. Randa mai ƙaramin baki da murfi da ɗan famfo a gindi tana raba hannu da ruwa. Tanderun bulo mai rufi, wanda mata goma ko ashirin za su yi tarayya a kai, yana rage cin makamashi da yawan fashewa, kuma ana iya hura shi da ɓuntu.

Saura mai saye, kuma a nan hukuma ce ya kamata ta fara sa hannu a aljihu. Makarantun firamare da asibitocin karkara na jihar suna bukatar wurin ajiye ruwan sha mai sanyi da tsabta. Gidajen saukar baƙi na gwamnati suna sayen kwanuka da kofuna kowace shekara. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tara dubban baƙi masu neman tsaraba, haka Rigata ta Yawuri da Uhola ta Zuru. Idan aka ba ƙungiyoyin magina oda tun watanni kafin biki, da girma da siffa da farashi a rubuce, da rabin kuɗi a hannu, za su cika alkawari. Ba a fafe gora ranar tafiya: tukunya na bukatar lokacin bushewa, kuma ba a gina ta da damina.

Ɗaliban zane da ƙira na jami'o'i da kwalejojin jihar suna da rawar takawa wajen fitar da sababbin siffofi da ɗaukar hoto da tallatawa a intanet, muddin sunan garin da na maginiyar na kan kayan, kuma kaso mai tsoka na kuɗin yana komawa hannunta. Yarinyar da ta ga uwarta na biya mata kuɗin makaranta da cinikin kasko za ta zauna ta koya bayan an tashi daga aji. Wadda ta ga uwarta na shan hayaƙi don ribar da ba ta kai kuɗin mudun gero ba, babu lallashin da zai tsayar da ita.

Matakin farko ba ya bukatar kasafin kuɗi na musamman. Sashen kula da harkokin mata na Ƙaramar Hukumar Bagudo, tare da uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, zai iya zagayawa cikin rani ɗaya ya rubuta garuruwan da har yanzu ake gini, da yawan maginan, da irin kayan da kowacce ta ƙware a kai, da wuraren da suke haƙar yumɓu, don kada a wayi gari an mayar da ramukan gonaki ko filayen gini. Hukumomin Segbana da Malanville za su iya yin irin wannan a nasu ɓangaren. Da wannan jeri a hannu, mai gidan abinci a Abuja ko Kwatano zai san inda zai aika odar kasko 500, hukumar ilimi kuma za ta san ƙauyen da zai gina mata randunan makarantu kafin zafin Maris ya shigo.